Kilomita 550 Daga Gidana Zuwa Gidana

Yau kwana biyar ke nan, amma har yanzu in waya ta yi ƙara kusa da ni, ko ta maƙwabci ce, sai hanjin cikina ya kaɗa. Fada na daina zuwa. Lakwal kuwa ta bayan gari nake zagayawa, kamar wanda mai bashi ke jira a bakin titi.

Bari in taƙaita farkon, don ba nan ciwon yake ba. Ƙanen mai ɗakina ne zai yi aure a Tibiri. Ba Tibirinmu ta Arewa ba, inda surukata take zaune. Tibirin Gobir, can bakin Maraɗi. Ɗaurin aure ranar Asabar. Mai ɗakina nauyi ya hana ta tafiya, don haka ni ne wakilin gida. Duk mai hankali a Dogon Dutsi ya san yadda ake zuwa can: ka tafi tasha, ka shiga bas, ka bi ta Ƙonni da Madawa da Gidan Rumji, kilomita 385 ko kusa da haka zuwa Maraɗi. Tibirin ma a kan hanya take, kafin a shiga birnin. Ni kuwa malamin tarihi da labarin ƙasa ne. Shekara 14 ina nuna wa 'ya'yan mutane taswira, ban taɓa ganin ƙasar nan daga sama ba sai in na hau dutsen da garinmu ya ci sunansa. Na ce ni jirgi zan shiga.

A fada na kafa hujjata, da tsinke a kan rairayi, tsakanin shayi na ɗaya da na biyu. Na ce ku duba: daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa filin jirgin Maraɗi, in ka ja zare a miƙe, kilomita 535 ne, da ɗan ragi ko ƙari. A mota kuwa sai ka ci 660. Ina sauran 125 suka fito? Daga Turawa. A 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato, suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa suka je bin abin da ya rage musu zuwa Damagaram, suka tarar ba rijiya sai ƙaya, suka dawo suna neman sassauci. Aka gyara iyakar a 1904, aka ƙara daidaita ta a 1906. Duk da haka Nijeriya ta bar cikinta a ture zuwa arewa, shi ya sa titinmu in ya bar Dutsi sai ya haura Ƙonni, ya ƙara haurawa Madawa, sannan ya lanƙwaso Maraɗi kamar jelar kunama. Zaren taswira ba ruwansa da wannan, ta kan ƙasar Sakkwato yake wucewa abinsa. Na ɗaga tsinke na ce, in kun lura, Yamai da Maraɗi kusan layi guda suke, layin nan kuwa ɗan kudu da garinmu yake ratsawa. Wato ta kan kawunanku zan wuce.

Aka yi tsit. Na ɗauka ilmi ne ya ratsa su. Sai mai gyaran babur, wanda ko aji uku bai gama ba, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ni dai ban gane ba. Yamai ba yamma take ba? Maraɗi kuma gabas?"

Na ce masa wannan tambaya ce ta wanda bai san awon taswira ba. Na ce a zuba na biyu.

Kilomita 275 ne daga Dutsi zuwa Yamai. Na sani sarai. A jarrabawa nake tambayarsa.

Kuɗin tikiti kuwa ragon da na turke ne ya biya, wanda aka yi niyyar sayarwa a canza kwanon ɗakinmu kafin damina, don bara da roba uku muke kwana muna tarar ruwa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, kwanon fa?" Na ce damina da saura.

Ran Laraba aka raka ni tasha kamar mai tafiya Makka. Kore Mai Ruwa, Doso, Birnin Gawure, Kure. Ko raƙumin dawa ɗaya ban tsaya nema ta taga ba, ni da zan fi su tsawo gobe. Da za mu shiga Yamai muka wuce ta bakin filin jirgin, ga shi nan gefen titi, tun gyaran da aka yi masa a 2019 yana walƙiya. Maimakon in nemi makwanci nan kusa, sai na ratsa birnin kaf, na haye kogin Isa, na kwana wurin ɗan yayana a Harobanda. Da safe Gadar Kennedy ta cushe da motoci da babura da wani raƙumi ɗauke da tabarmi wanda ba ya saurin kowa. Ni kuma a zatona lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin zuwa ne, irin na motar kasuwa, wadda in an ce bakwai, ka isa bakwai da rabi ka tarar direba yana karin kumallo. Ashe na tashi ne. Wata baiwar Allah a bayan tebur ta dubi tikitina, ta dubi agogo, ta ce an rufe. Na ce ni malami ne. Ta ce, "An rufe, Malam." Ina tsaye a waje da akwati na ga jirgi ya ɗaga, ya karkata gabas. Ragona ne a ciki.

Da a nan na tsaya, da asara ce kawai, irin wadda ake yi wa mutum jaje. Amma wajen azahar mai ɗakina ta kira, muryarta cike da murna. Wai tun safe suka fito tsakar gida, ita da yara da matan maƙwabta, sun ji ƙugin jirgi can sama, sun yi ta kaɗa kallabi. "Kun gan mu?"

Ina zaune a kan tabarma a Harobanda, ina kallon akuyar ɗan yayana tana cin kwali. Na ce, "Na gan ku mana."

To ko a nan ma da na yi shiru. Ban yi ba. Na ce na ga dutsi kamar curin fura, na ga lakwal, na ga kasuwa, har kwanon ɗakinmu na hango yana ƙyalli. Ban san abin da ya kai bakina kan kwanon nan ba. Na ce mun sauka Maraɗi lafiya, zafi ne dai ya yi yawa.

Juma'a da asuba na shiga bas ɗin Maraɗi. Ba wata dabara. Babbar kwaltar da ta haɗa Yamai da gabas ta cikin Dogon Dutsi take bi, tashar kuwa in an yi tari a can ana ji a ƙofar gidana. Na san Inna, surukata, ta taho daga Tibirinmu ta kwana gidanmu, kuma ranar za ta taso. Amma kamfanonin bas ba ɗaya ba ne. Na yi lissafi na ga da wuya mu haɗu. Ni da lissafi dai.

Layinmu kujera uku ne. Ni a jikin taga, wani ɗan kasuwa mai barci a tsakiya, a bakin hanya kuma wani dattijon Bafillace, dogo siriri, malafa a gwiwa, goro a kunci, za shi Ƙonni cinikin shanu. Da gari ya waye ya leƙo ya ga tsagen da ke kumatuna, daga gefen baki har kunne, sai ya washe haƙora. "Ba'are! Allah ya ba ni bawa a tafiyar nan." Kowa ya san wasan da ke tsakanin Arawa da Fulani, taubashi ko ya yi maka me, ba alƙalin da zai saurare ka. Da wata rana ce da na rama. Ranar nan zuciyata ta yi nauyi, ina neman wanda zan sauke wa, sai na sauke wa shi. Tsakanin Kure da Birnin Gawure na ba shi labari kaf.

Bai yi dariya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya mai da goro ɗaya kuncin, ya shiga ƙidaya da yatsu. "Tsaya. Ka bar gidanka, ka ba Maraɗi baya, ka yi 275. Yanzu za ka yi 275 ka dawo ƙofar gidanka. Nawa ke nan?" Na ce 550. "Sannan ka fara tafiyar." Na ce haka ne. "A sama kuma nawa ka yi?" Na ce ban yi ba. Ya gyaɗa kai. "Saniyata in ta ɓata ba ta yin haka."

Daga nan ya ɗauki al'amarina kamar nasa. Shawararsa ta farko ta riga ta wuce amfani, amma bai ga dalilin barinta ba. Ai Dutsi ma kuna da filin jirgi, ya ce, ya taɓa kora shanu ta cikinsa. Gaskiya ne, akwai wani fili a gefen gari da ke amsa wannan suna, ni dai tun tasowata ban ga fasinja ya hau ko ya sauka a cikinsa ba. "Da can ka tsaya da akwatinka, in ya zo wucewa ka ɗaga hannu. Direba in da wuri ai ba ya ƙin kuɗi." Na ce jirgi ba ya haka. Ya ce, "Ka gwada?" Na ce a'a. Ya ce, "To."

Wani saurayi a bayanmu, wanda ashe tun Kure kunnensa na kanmu, ya miƙo waya da taswira a buɗe. Wai in don filin jirgi ne, na Birnin Kebbi da na Sakkwato duk sun fi na Yamai kusa da Dutsi in aka auna a miƙe. Haka ne kuwa, Sakkwato ba ta wuce kilomita 150 da 'yan kai ba, Yamai kuwa wajen 200. Na ce masa, cikin muryar aji, to daga can wa zai kai ka Maraɗi? Bafillace ya ce, "Shi ma wannan ɗin ai bai kai ka ba."

Shawara ta biyu, in sauka Kore Mai Ruwa, in hau kabu-kabu ya zagaya da ni ta daji, in tari bas a gaban gari. Na ce 'yan kabu-kabun yankin nan rabinsu ta ajina suka bi. Ta uku, in roƙi yaron mota ya sa ni wurin kaya, a ƙarƙashi, tsakanin buhuna, a fito da ni Dan Kasari in da sauran numfashi. Ta huɗu ita na ɗauka, kuma har gobe ina tambayar kaina dalili. "Tsagen nan ne matsalarka. Rufe shi. Zama Buzu."

A Doso da aka tsaya na sayi baƙin rawani, shi ya naɗa min. Ba naɗin Buzaye ya yi ba, ɗaurin maraƙi ya yi, har da ƙulli a ƙeya. Ido kawai ya bari, da tabarau a kai. Watan Afrilu, bazara tana tsakiyar aikinta. Kafin Kore Mai Ruwa na jiƙe sharkaf. Ya ja baya ya dube ni, ya ce ko uwata ba za ta gane ni ba, kuma ita ma hutu ne gare ta.

Wajen ƙarfe tara dutsen ya bayyana. Ban taɓa ƙin ganinsa ba sai ranar. Bas ya shiga tasha ya tsaya, 'yan talla suka yanyame shi: ruwan leda, dafaffen ƙwai, ƙosai, dankalin turawa na lambunan Dutsi. Ta tsagar rawani na ƙirga ɗalibaina huɗu, ranar karatu, da hantsi, ni kuma ba bakin tambayarsu. Ga mai gyaran babur can gindin bedi yana kwance taya. Na sunkuyar da kai na shiga salati. Minti goma ne, na ce wa raina, minti goma a wuce.

Sai ɗan kasuwar nan na tsakiya ya farka, ya yi miƙa, ya ɗauki jakarsa. Ashe Dutsi zai sauka.

Na bi shi da ido har ƙofa, idon ya zarce waje, sai ga mai ɗakina. Tana tsaye daidai ƙarƙashin tagata, hannu ɗaya a ƙugu, 'yarmu mai shekara huɗu riƙe da gefen zanenta tana cin ƙosai. A gabansu kuma wata tsohuwa da farin mayafi tana miƙa wa yaron mota tikiti.

Kujerun motar nan sun fi sittin. Wadda aka bari ba kowa a Dutsi guda ce.

"Hajiya, bismilla, ga wurinki, tsakanin Baffa da malam Buzu."

Shekara 9 da aurena, ban taɓa haɗa ido da Inna ba. Ban taɓa cin abinci tana gani ba. In na hango ta takalmi nake cirewa in durƙusa tun daga nesa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. Sunana bai taɓa fita bakinta ba. Ko a tsakar gida, tsakanina da ita akwai filin da za a shanya damen gero. Yanzu ga kafaɗarta a jikin kafaɗata, ga rabin kwanon guzurinta a kan gwiwata.

Ta zauna, ta yi bismilla, ta juyo. "Sannu bawan Allah, ina kwana?"

Na yi wani gurnani daga cikin rawani.

"Ba ya jin Hausa, Hajiya," in ji Bafillace. "Daga Ingal yake. Raƙumansa suka ɓata."

"Wayyo. Allah shi bayyana."

"Amin. Har da rago."

Ya tambaye ta ina zuwa. Ta ce Tibirin Gobir, auren ɗanta. Ya ce ita kaɗai, ba namijin da zai raka ta? Wallahi da gangan ya yi. Ta gyara mayafi, muryarta ta ɗan ɗaga yadda na baya za su ji. "Mijin ɗiyata ya riga ni. Shi jirgi yab bi, tun jiya yas sauka. Har gidansu yag gani daga bisa."

"Jirgi! Kai, Hajiya, kin yi dacen suruki. Irin wannan duk inda kika juya yana kusa da ke."

"Yanzu ma ɗiyar za ta kira shi, shi tarbe ni bakin hanya."

Na kalli taga. Mai ɗakina ta ciro waya daga gefen zane tana latsawa.

Nan ne wurin da nake komawa kullum dare in na kwanta. Wayata tana aljihun wando, na hagu, ƙarƙashin babbar riga, wato ɓangaren da Inna take. Daga hannuna zuwa aljihun bai fi taƙi biyu ba. Na auna daga baya a gida, da rula: santimita 40. Ta sama ke nan, in ka ja zare a miƙe. Amma ta ƙasa sai hannu ya ɗaga kwanon guzuri, ya ture gefen mayafi, ya tattare riga, sannan gwiwar hannu ta zunguri haƙarƙarin surukata. Ingila da Faransa ba su taɓa shata iyakar da ta kai wannan tsauri ba. Ina da daƙiƙa biyar, wataƙila shida. Na ƙare su ina nazarin hanya.

Ga kuma wani abu. Wata uku da suka wuce na ɗauki muryar 'yata na mai da ita ƙarar kira, don sha'awa. Duk dangi sun san ta. Inna da kanta ta sa an kunna mata sau uku, tana dariya a bayan ƙyaure. Daren Alhamis kuma na ƙure ƙarar wayar har ƙarshe, don kada bas ma ya tafi ya bar ni.

"Baba, ɗauki waya! Baba, ɗauki waya!"

Daga cinyar Buzun Ingal.

Da farko Inna ta yi murmushi ta leƙa taga, ta ɗauka jikarta ce a waje. Jikar tana nan kuwa, amma bakinta cike da ƙosai, kumatu kamar na gafiya, ko tari ba za ta iya ba. Na ga murmushin ya tsaya a fuskar Inna, bai san inda zai nufa ba.

"Baba, ɗauki waya!"

Idonta ya baro taga a hankali. Ya bi ta kan tabarau, ya bi ta kan rawani, ya gangara ya tsaya a cinyata. Daga nan ya ƙarasa ƙasa, kan takalmin da ita da kanta ta aiko min tsarabar Makka. Na yi ƙoƙarin jan ƙafar ƙarƙashin kujera, sai na ga ai motsin ma shaida ne, sai na bar ta a rabin hanya.

A waje kuma mai ɗakina ta sauke waya daga kunne, ta karkata kai. Gilashin tagar a ɗan buɗe yake. Ta katse kiran. Tsit. Ta ɗaga ido ta dubi Buzu, Buzu ya dubi bayan kujerar gaba kamar an rubuta masa wani abu a jiki. Ta sake latsawa. Wannan karon ba ta ma kai wayar kunne ba, a tafin hannu ta riƙe ta tana kallona.

"Baba, ɗauki waya!"

Ta katse. Tsit. Ta sake. Sau uku ta yi haka, ba gaggawa. Shekara 14 ina fama da yara su gane yadda ake tabbatar da magana ta hanyar gwaji, ashe gwanar tana gidana tana tuƙa min tuwo.

Bafillace ya miƙo wuya ta bayan kan Inna, wai raɗa zai yi, raɗar mutumin da ya saba kiran shanu daga ƙetaren fadama.

"Ɗauka! Ɗauka ka ce kana Maraɗi!"

Na girgiza kai.

"To ka ce sato ta ka yi. Kai ɓarawo ne, jiya a Maraɗi ka zare ta daga aljihun malamin."

Saurayin nan mai taswira ya ce, in a Maraɗi ya sata jiya, me ya kawo shi motar da ta fito Yamai yau?

"A jirgi ya koma," in ji Bafillace, ko a jikinsa. "Ɓarayin zamani."

Na sake girgiza kai.

"To suma. Faɗi kawai, ni zan ce farfaɗiya ce."

Wallahi na duba wurin faɗuwa. Babu.

'Yata ce ta yanke shari'ar. Ta haɗiye ƙosanta, ta nuna taga da yatsa mai maiƙo, ta ce, "Baba!" Wannan karon ba daga aljihu ba.

Abin da jikina ya yi daga nan ba da izinina ya yi ba. Sabon shekara 9 ne ya motsa: an gan ka, ga suruka, durƙusa. Na zame ƙafa daga takalmi, na yunƙura zan kai ƙasa a wurin da ko kaza ba za ta juya ba. Gwiwa ta daki ƙarfe, goshi ya daki kujerar gaba, ƙullin maraƙi ya maƙale a wata ƙugiya, rawani ya warware tas ya bar tsage a fili, gumi na ɗiga daga haɓa. Rabina a ƙasa, rabina a kujera, murfin kwanon guzuri a hannuna, ban san yadda aka yi ya zo ba. Na ce, "Inna, ina kwana. An zo lafiya?"

Ni da na fito Yamai, ita da ta fito gidana.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen Bafillace, ta amsa wa malafarsa. "Lahiya lau. Ya gajiyar jirgi?"

Gatse ne ko ladabi? Kwana biyar ina juya maganar nan, duk gefen da na kama sai ya yanke ni. In gatse ne, ban taɓa jin mai kaifinsa ba. In kuwa ladabi ne, wato gaisuwar da ta tanada ce tun daga gida za ta yi min a Tibirin Gobir, ba ta ga dalilin canza ta ba don kawai na ɓullo da wuri, to wannan ya fi ciwo.

Wani yaro mai ruwan leda, ɗan ajina, ya ɗafe taga ya ƙwala ihu. "Mushe ne! Mushe ya dawo!"

"Mushe kam, yaro," in ji Bafillace. "Tun Yamai ya mutu, ba a samu wuƙa ba."

Motar ta kwashe da dariya, har wata mata a gaba tana roƙon a maimaita mata daga farko don ta yi barci. Mai gyaran babur ya taso da sifana a hannu, ya tsaya ya dube ni ta taga, ba dariya ba fushi, kallon mai neman ƙarin ilmi. "Mushe, Maraɗin ce ta koma yamma?"

Mai ɗakina ba ta ce komai ba sai da direba ya yi oda. Ta matso ta ce a hankali, "Malam, Allah kiyaye hanya. In kun bi ta sama a gaishe da rago."

Kafin mu fita gari Bafillace ya yi abin kirki guda ɗaya na ranar: ya ce bai dace suruki da suruka su zauna kafaɗa da kafaɗa ba, ya musanya wuri da Inna. Ya zama iyaka a tsakaninmu, kuma nan take ya kafa shingen duwan. Inna ta buɗe guzuri, soyayyar zabuwa da dambu, ta miƙa masa ta ce a ba "wancan". Rabona da abinci tun daren jiya. Ya dube ni, ya dubi zabuwa. "Ba'are ba ya ci gaban surukarsa, Hajiya, al'adarsu ce. Amma ba a mai da hannun kyauta." Ya cinye cinya biyu a madadina, ya ce in ce na gode. Na ce na gode.

Yana tauna yana shawara. Wai dawowa kada in kuskura in biyo hanyar nan, an riga an san ni. In hau jirgi daga Maraɗi zuwa Yamai, sannan in shigo bas zuwa Dutsi, in an tambaye ni in ce ban je ko'ina ba. Ko kuwa in nemi a mai da ni aiki Bilma. Ko in rubuta wa hukuma a matso da filin jirgin Yamai nan Dutsi, tunda ni malami ne na iya takarda. Da muka wuce Dan Kasari, titi yana bin gefen iyaka, sai na ji bakina, don sabo, ya fara cewa ai wannan lanƙwasar tun yarjejeniyar 1906... Ya ɗaga hannu mai maiƙo. "Bari, Mushe. Titin nan ko ya karkace, yana kai mutane inda za su."

Kilomita 145 ne daga Dutsi zuwa Ƙonni, Inna ba ta ƙara cewa uffan ba, tasbaha kawai take ja. Na fara sa rai an gama. Da muka shiga Ƙonni na ɗauko wa Bafillace sandarsa da hannuna, ina yi masa addu'ar ciniki mai albarka. Ya karɓa, ya mai da ita ƙarƙashin kujera, ya kira yaron mota ya ƙara kuɗi zuwa Madawa. Wai shanu ba sa gudu, amma irin wannan tafiya ba kullum ake samunta ba.

Muna wuce Galmi, warin albasa ya cika motar, sai Inna ta tsai da tasbaha. Ta ɗan karkata wajensa, fuska a rufe, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ya saurara, ya lumshe ido kamar wanda aka sa wa zuma a baki. Sannan ya gyara murya, ya miƙe tsaye ya dafa kujera, don na baya ma su samu.

"Hajiya ta ce a tambaye ka: da ka hango kwanon ɗakin daga sama, ka ga wurin da ke yoyo?"